Yatsa ɗaya ya iya waƙa, yaya za a yi da sauran?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗalibi ne a Tawa. Yayana ya aiko mini da fiyano ƙirar Yamaha mai maɓallai 61. Da yatsa ɗaya ina iya bin duk waƙar da na ji, amma da zarar na ɗora yatsu biyu ko uku sai abin ya koma hayaniya. Ina ganin masu kiɗan biki suna danna da yawa lokaci guda kuma yana daɗi. Wane sauti ne ke tafiya da wane? Sannan me ya sa akor ɗin da na koya a salula ba sa zama a kan waƙoƙinmu na Hausa?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗana. Allah ya saka wa yayanka da alheri. Wannan bin waƙa da yatsa ɗaya da kake yi, kada ka raina shi. Na daɗe ina koyar da fiyano da jita a nan Yamai, kuma yaron da ya zo mini da kunne ya fi mini sauƙin koyarwa nesa ba kusa ba a kan wanda ya zo da littafi cike da sunayen akor (wato sautukan da ake dannawa tare lokaci guda), amma in ka rera masa waƙa bai san inda ta sauka ba. Jarin yana hannunka. Tambayarka ta farko lissafi ne ke amsa ta. Ta biyun kuwa sai mun koma gida mun saurari goge da gurmi, kuma ita ce ta fi damuna.

Zauna gaban fiyanon ka dubi baƙaƙen maɓallan. Sun jeru biyu, uku, biyu, uku har ƙarshe. Farin da ke manne da hagun kowane biyu shi ne Do. Daga nan fararen suna tafiya dama: Do, Re, Mi, Fa, Sol, La, Si, sai wani Do. Sunayen nan sun iso mana ta hanyar Faransanci, amma tushensu Italiya ne, inda wani malamin waƙar coci, Guido na garin Arezzo, ya aza harsashinsu a ƙarni na 11 don sauƙaƙa wa masu koyo. Fiyanonka kuwa da haruffa yake magana: C shi ne Do, D Re, E Mi, F Fa, G Sol, A La, B Si. Haddace wannan tun yau, don duk abin da ɗan allon fiyanon zai rubuta maka da haruffan nan ne.

Yanzu manta da fari da baƙi, ɗauki maɓallan kamar matakan tsani. Daga kowane maɓalli zuwa maƙwabcinsa na jiki, fari ne ko baƙi, mataki ɗaya ne, wanda masu karatun kiɗa ke kira dami-ton. Do zuwa Re matakai 2 ne, saboda akwai baƙi a tsakani. Mi zuwa Fa mataki 1 ne, haka ma Si zuwa Do. Baƙin da ke saman sauti ana ce masa diyez, na ƙasansa kuma bemol. Daga Do zuwa Do na gaba matakai 12, shi ake kira oktab, kuma maɓallanka 61 oktab 5 ne da ɗaya a kai. Abin da ke sa sautuka biyu su shirya ko su yi faɗa shi ne yawan matakan da ke tsakaninsu, ko daga wane maɓalli ka fara ƙirga.

Gwada da kanka. Danna Do da baƙin da ke jikinsa, mataki 1: za ka ji kamar kishiyoyi a ɗaki ɗaya. Danna Do da Do na sama: kamar mutum ɗaya ne ke magana da murya biyu. Do da Sol, matakai 7: sun zauna daram, kamar wa da ƙane. Do da Mi, matakai 4: akwai zaƙi. Do da Fa diyez, matakai 6: zaman ɗar-ɗar, kunne yana jiran ɗayansu ya matsa. Ina kyautata zaton hayaniyar da kake ji daga nan take: yatsun mutum a jere suke, don haka in ya ɗora hannu sai su faɗa kan Do, Re, Mi, maƙwabta uku da ke kusa da juna fiye da kima. Kowane ɗalibi da wannan yake farawa.

Dalilin shirin da faɗan yana cikin girgiza. Duk sauti girgiza ce, ta tsirkiya ko ta fata ko ta iska. La da ke kusa da tsakiyar fiyanonka tana girgiza sau 440 a daƙiƙa ɗaya, kuma da ita ake saita kayan kiɗan zamani a duniya. La ta sama da ita 880, ta ƙasa 220. Ninki biyu ke nan, shi ya sa oktab ke jin kamar abu ɗaya. Tsakanin Do da Sol kuwa, duk girgiza 2 ta Do, Sol ta yi 3, suna haɗuwa a kai a kai kamar mata biyu masu lugude a turmi ɗaya, kowa ta san lokacin saukar taɓaryarta. Do da Mi, 4 ne da 5. Matuƙar lissafin yana da sauƙi, kunne yana jin zaman lafiya. In sautuka biyu sun yi kusa ƙwarai, misali 440 da 443, za ka ji wani wau-wau-wau sau 3 a daƙiƙa, bambancin da ke tsakaninsu ke nan. Da wannan wau-wau ɗin masu jita ke gane tsirkiya ba ta hau daidai ba, sai su yi ta murɗawa har ya lafa.

In kana da aboki mai jita, akwai abin da nake so ka gani da idonka, don ni duk shekara sai na nuna wa sababbin ɗalibai, kuma har yau yana ba ni sha'awa. Tsirkiya ta biyu daga mai kauri ita ce La, tana girgiza sau 110. Ɗora tsokar yatsa a kanta daidai saman firet na 12, wato ƙarfe na 12 cikin waɗanda aka jera a wuyan jita. Kada ka danne, taɓawa kawai, sai ka kaɗa ka ɗauke yatsan. Wani siririn sauti zai tashi kamar na ƙararrawa: ka raba tsirkiyar biyu, 220, La. Koma firet na 7, ka raba ta uku, 330, wannan Mi ce. Firet na 5, kashi huɗu, 440, La kuma. Kusa da firet na 4, kashi biyar, 550, Do diyez. Gaba kaɗan da firet na 3, kashi shida, 660, Mi. Duk waɗannan suna cikin tsirkiyar a ɓoye ko da ka kaɗa ta haka nan ba ka taɓa ko'ina ba. Su ne ke ba ta murya. To dubi ukun ƙarshe: 440, 550, 660, wato La, Do diyez, Mi. Wannan shi ne akor ɗin La majer cif, ma'anar majer kuma tana nan tafe. Ba wanda ya zauna ya ƙirƙiro shi, a cikin tsirkiya ɗaya aka same shi. Ko kakakin fada shaida ne. Ba shi da huda ko ɗaya da za a toshe da yatsa, da leɓe kawai mai busa ke fitar da manyan sautukansa biyu, kuma tazararsu kusan irin ta Do da Sol ce, don iskar da ke cikin dogon bututun ma haka take rabuwa.

Akor mafi sauƙi sautuka uku ne, kuma dokarsa a kan farare ita ce: danna ɗaya, tsallake ɗaya, danna ɗaya, tsallake ɗaya, danna ɗaya. Babban yatsa a Do, na tsakiya a Mi, ƙarami a Sol. Na ƙasa shi ne uwa, shi ke ba akor sunansa. Na tsakiya ana ce masa na uku, na sama na biyar, saboda in ka ƙirga farare daga Do, Mi ce ta uku, Sol ta biyar. Ƙirga matakan: Do zuwa Mi 4, Mi zuwa Sol 3. Huɗu sannan uku, sunansa majer. Sauko da yatsan tsakiya mataki ɗaya ya hau Mi bemol, lissafin ya juya, uku sannan huɗu, sunansa miner. Uwa da na biyar ba su motsa ba, amma ɗanɗanon ya canza gaba ɗaya. Na uku shi ne daddawar akor.

Da wannan ƙidaya kaɗai ka mallaki akor 24, majer 12 da miner 12, ba tare da haddar komai ba. Kana son Re majer? Daga Re haura 4, ka sauka a Fa diyez, ƙara 3, La. Shi ke nan. A allon fiyano, harafi shi kaɗai majer ne, in an manna masa ƙaramin m kuma miner ne: A La majer, Am La miner.

Za a gaya maka majer na murna ne, miner na baƙin ciki. Kada ka ɗauki wannan a matsayin doka. Kiɗan jitar Abzinawa da ake raƙashewa da shi a bukukuwa daga Abalak har Agadas, da yawansa ɗanɗanon miner gare shi, kuma ba wanda ke kuka. Ni abin da nake ji, majer a buɗe yake kamar fili, miner kuma yana da inuwa. Murna ko baƙin ciki, kiɗan ganga da kalmomin mawaƙi ne ke yanke wannan hukunci.

Ɗauki hannun nan na tsallake-ɗaya ka yi ta matsar da shi dama a kan farare. Do majer ne, Re miner, Mi miner, Fa majer, Sol majer, La miner. Na bakwai, Si-Re-Fa, uku ne da uku, ba ya iya zama shi kaɗai, bar shi tukuna. Waɗannan ƴan gida ɗaya ne, gidan Do. Manyansu uku: Do-Mi-Sol, Fa-La-Do, Sol-Si-Re. In ka duba, su ukun sun kwashe sautuka bakwai ɗin kaf, shi ya sa duk waƙar da ke yawo a kan farare za ka samu ɗayansu ya karɓe ta. Do zama ne a gida, Fa fita ƙofar gida, Sol kuwa tsayuwa ce a bakin zaure da ƙafa ɗaya a ciki. In ka ƙara Fa a saman Sol-Si-Re, wanda allo ke rubutawa G7, sai ka saka wannan tazara ta matakai 6 tsakanin Si da Fa, kuma dole kunne ya nemi Si ta haura Do, Fa ta sauko Mi. Kiɗan Turawa mai yawan gaske a kan wannan fita da dawowa aka gina shi.

Abu biyu za su gyara maka hannu. Na farko, ba dole uwa ta kasance a ƙasa ba. Mi-Sol-Do da Sol-Do-Mi duk Do majer ne da aka juya. Wani mawaƙin Faransa, Rameau, shi ya shimfiɗa wannan bayani a littafinsa na 1722. Amfaninsa a wurinka shi ne hannu ya daina tsalle. Riƙe Do-Mi-Sol. Bar babban yatsa inda yake, matsar da biyun sama su zama Fa da La: Do-Fa-La, ka shiga Fa. Dawo. Yanzu bar Sol inda take, sauko da biyun ƙasa su zama Si da Re: Si-Re-Sol, ka shiga Sol. Masu kiɗan bikin da kake gani hannunsu kamar ba ya motsi, abin da suke yi ke nan. Na biyu, kada ka cunkusa sautuka uku a can hagu inda murya ke da kauri, za su dagule kamar ruwan tabki da shanu suka shiga. Tuna tsirkiyar nan: a ƙasa tazarar mai faɗi ce, 110 zuwa 220, sai a sama suke matsowa kusa. Bi wannan tsari. Hannun hagu ya riƙe uwa ita kaɗai, ko uwa da na biyar, ko uwa da oktab ɗinta. Na uku ka bar wa hannun dama.

To, mu zo ga waƙoƙinmu.

Akor ɗin da ka koya a salula ba ƙarya ba ne, amma an ɗinka su ne don waƙa mai sautuka bakwai. Waƙoƙinmu na gargajiya da yawa a kan sautuka biyar suke tafiya. Gwada wannan: ɗauki waƙar daka ko ta gaɗa da ka sani tun kana yaro, ka neme ta a kan baƙaƙen maɓallai kaɗai. Sau da yawa za ka same ta a can ba tare da ka taɓa fari ba, domin baƙaƙen nan biyar su ne irin wannan tsani. A kan farare kuma shi ne Do, Re, Mi, Sol, La. Babu Fa, babu Si, wato babu inda sautuka biyu ke manne da mataki 1. Wasu waƙoƙin a Do suke sauka, wasu a La, wasu ma a Re ko Sol. Yanzu ka ga matsalar: akor ɗin Fa uwarsa baƙuwa ce a wannan gida, akor ɗin Sol kuma yana ɗauke da Si, G7 ya kwaso baƙin duka biyu. Kai kana jin abin bai zauna ba, kuma kunnenka gaskiya ya gaya maka.

Akwai kuma maganar harshe. Hausa da hawa da saukar murya take bambanta kalma. Kukan da ake yi da hawaye da kukar da ake kaɗa miya, baƙaƙensu ɗaya, murya ce ta raba su. Mawaƙin Hausa kalma yake bi, inda ta hau ya hau, inda ta sauka ya sauka. Shi ya sa ƴan amshi ba sa rabuwa kashi-kashi wani ya yi sama wani ya yi ƙasa kamar mawaƙan coci. Layi ɗaya suke rerawa, in da maza da mata sai oktab ta raba su. In murya ta biyu ta sauka a inda kalmar ke hawa, ta karya kalmar. Gwanintarmu ta tafi wajen kiɗa, da azanci, da yadda amshi ke shigowa kafin mawaƙi ya rufe baki. Wanda ya ce maka kiɗanmu ya gaza don ba shi da akor, bai saurara ba.

Kuma ai muna buga sauti fiye da ɗaya lokaci guda, hanyar ce daban. Tsaya kusa da mai gurmi ko mai garaya ko mai molo ka kalli hannunsa: wata tsirkiya tana ta maimaita sauti ɗaya kamar ƙasa a ƙarƙashin ƙafa, wata tana yawo da waƙar. Masu jitar yankinku haka suke yi. Saurari Mdou Moctar, wanda ɗan jihar Tawa ne, ko Bombino na Agadas: akwai sautin ƙasa da ke ta amo ba ya barin gida, yatsu kuma suna gudu a sama, kuma waƙa na iya tafiya mai tsawo ba a canza akor ba sai kaɗan. Marigayi Malam Maman Barka ya yi irin wannan da biram, kayan kiɗan Buduma na tabkin Cadi mai tsirkiya 5. A fannin fiyano kuwa muna da wanda ya riga mu, Mamman Sani, wanda tun shekarun 1970 ya riƙa buga waƙoƙin ƙasar nan a kan organ har gidan rediyo da talabijin na ƙasa suka riƙa sa kiɗansa tsakanin shirye-shirye. Nemi kiɗansa ka saurari yadda yake barin waƙa ta sha iska.

Ni a situdiyo na koyi wannan, ba a aji ba. Wata shekara aka kawo wani tsoho mai goge daga ƙasar Adar don a ɗauki waƙoƙinsa, aka ce in sa masa fiyano a ƙasa. Na nemo gidan waƙar, na shimfiɗa akor uku cikakku kamar yadda aka koya mini. Bai kai tsakiyar baiti na biyu ba sai ya tsaya. Ya kwantar da bakan a cinya, ya ɗauko ɗan ƙaro yana goga wa tsagiyar a hankali, bai dube ni ba. Can ya gaya wa yaronsa cewa akwai wanda ke taka masa hanya. Aka sake ɗauka, ya sake tsayawa a wuri ɗaya. Sai na bar fiyanon na matso kusa da shi na roƙe shi ya ja mini wannan wurin shi kaɗai, sannu-sannu. Sautin da yake takawa na nema a fiyano na rasa: Mi ta yi masa sama, Mi bemol ta yi masa ƙasa, shi yana tsakani, a inda ba maɓalli. Na koma na ɗage yatsan tsakiya, na bar uwa da na biyar kawai. Ya ja goge tun daga farko har ƙarshe bai tsaya ba, da ya gama ya gyaɗa kai sau ɗaya.

Akwai lissafi a bayan abin da tsohon ya ji. Fiyano an raba masa oktab kashi 12 daidai wa daida, don a iya buga waƙa daga kowane maɓalli, kuma wannan rabo sai da aka ɗan taɓa kowace tazara. Na biyar kusan bai ji komai ba: in Do ta tsakiya tana girgiza sau 261.6, Sol ta tsirkiya 392.4 ce, ta fiyano 392. Na uku shi ya sha wuya: Mi ta tsirkiya 327, ta fiyano 329.6. Goge kuwa ba shi da firet, haka muryar mutum, suna sauka inda kunnen garinsu ya saba. Saboda haka in za a yi karo tsakanin fiyano da mawaƙin gargajiya, galibi a kan na uku za a yi shi. Uwa da na biyar ba safai suke rigima da kowa ba.

Ga abin da za ka yi aiki da shi a gidan sautuka biyar. Cikakkun akor biyu ne kawai ke ciki ba baƙo: Do-Mi-Sol da La-Do-Mi. Kai-komo tsakanin waɗannan biyun kaɗai ya isa ya ɗauki waƙoƙi masu yawa. Bayan su akwai tagwaye huɗu na uwa da na biyar: Do-Sol, Sol-Re, Re-La, La-Mi. In waƙa ta tsaya a Sol ko Re, danna Sol-Re ka bar Si. In kana jin hannun ya yi fayau kana son cikawa, cika da ɗan gida: Sol-Do-Re, ko Re-Sol-La, ko Re-Mi-La. A littafi ana rubuta irin waɗannan da sus, kuma a kunnena sun fi dacewa da waƙar Hausa fiye da G7 sau goma. Ban ce Fa da Si haram ba ne. Waƙoƙin fim da na zamani suna amfani da su, wasu ma sun yi kyau ƙwarai, musamman La miner, Fa, Sol a bayan muryar da ita kanta ba ta taɓa Fa. Amma ka shigo da baƙo da saninka, a inda ka ji waƙar ta yi masa shimfiɗa.

Yadda ake nemo akor na waƙa kuwa, fara da gida. Rera waƙar har ƙarshen amshi, sautin da ta kwanta a kai ka riƙe shi da baki, ka neme shi a fiyano. Danna shi da hannun hagu tare da na biyar ɗinsa, matakai 7 sama, ka riƙe su, ka rera waƙar tun daga farko a kansu ba tare da ka canza komai ba. Za ka yi mamakin yadda mafi yawanta za ta zauna. Inda ka ji ta ja, kamar tana neman a matsa mata, nan ne kaɗai wurin canji. Dubi sautin da murya ta daɗe a kai a wurin, musamman wanda ya faɗo daidai saukar ƙafa, ka nemi akor ko tagwayen da ke ɗauke da shi. Sautukan da murya ke wucewa ta kansu da gudu ba sa buƙatar akor nasu. Mai koyo yakan so ya ba kowane sauti akor, sai waƙa ta koma kamar jakin da aka yi wa lodi fiye da ƙarfinsa.

Kada kuma ka tilasta wa mawaƙi ya zo Do don nan hannunka ya saba. In muryarsa a Fa diyez ta sauka, can ne gida, ƙidayar ba ta canza ba: 7 sama na biyar, 4 ko 3 na uku. Akwai maɓallin da ke ɗaga ko sauke fiyanon gaba ɗaya, ka yi amfani da shi ranar biki in an matsu, amma a ɗaki ka koyi ƙirgawa, don wata rana za a ba ka fiyanon aro da ba ka san inda nasa yake ba.

Haka batun rakiyar da fiyanon ke yi da kansa, inda yatsa ɗaya a hagu ke tayar da ganga da bas, wato sautin ƙasa mai kauri, da akor cikakke. Injin ba shi da laifi, abin da aka ce ya yi yake yi: ka danna maɓalli ɗaya, ya ba ka majer da na ukunsa, ko waƙar tana so ko ba ta so. Wannan ne ya sa kiɗan biki da yawa ya koma kama ɗaya, kuma abin yana ci mini rai, don ina jin muryoyi masu kyau ana danne su da akor da ba nasu ba. Kashe rakiyar na wata guda. Bar gangar kaɗai in kana son abin riƙe lokaci, sauran ka yi da hannunka.

Aikin makon nan kaɗan ne. Kullum minti 15, hannun dama: Do-Mi-Sol, Do-Fa-La, Do-Mi-Sol, Si-Re-Sol, a hankali, yatsu uku su sauka tare kamar mutum ɗaya, ba ɗaya bayan ɗaya ba. Sannan ka sa ƙanenka ya danna maka majer ko miner kana juya baya, kai kuma ka faɗi wanne ne, har ka daina kuskure. Sauran lokacin na waƙa ɗaya ne tak, wadda ka ji a bakin mahaifiyarka ko kakarka: nemo gidanta, riƙe uwa da na biyar, rera. In ka gama ka ɗauka a salula ka kai mata ta ji, ka lura da inda za ta bi ka da amshi da inda za ta yi shiru. In kuma hanya ta kawo ka Yamai, ka leƙa cibiyar koyar da kiɗa ta CFPM Taya ka ga kayan kiɗan gargajiya da aka tara a can, kuma ka zo da abin da ka ɗauka ɗin mu saurara tare.